Waƙa A Bakin Mai Ita: Tarihin Aron Kiɗan Gargajiyar Ailan



Shekarun baya na taɓa sayen wasu tsofaffin kasa-kasai a wajen wani mai kayan gwanjo a nan Ikko, irin waɗanda ake zubewa a ƙasa ka zaɓa da kanka. A cikinsu akwai wani mai hoton wasu Turawa masu uban gemu, ɗaya riƙe da goge, ɗaya da jita, an rubuta The Dubliners a samansa. Da na saka shi a rikoda sai na ji kiɗa mai sauri, da muryar wani mutum mai kaushi kamar ana jan buhun tsakuwa a kan siminti. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne rubutun bayan kwalin. A inda aka saba sa sunan wanda ya tsara waƙa, kusan kowane layi kalma guda ce aka maimaita, wadda ma'anarta ita ce "ta gargajiya". To gargajiya dai ba ta da baki. Dole akwai wani mutum, mai suna da gari, wanda a bakinsa aka ji waƙar. Tun daga ranar nake bin diddigin su wane ne waɗannan mutane, kuma abin da na tattara shi ne nake son in ba ku a yau.

Ailan tsibiri ne a yamma da Ingila, kuma Ingila ta mulke shi na ɗaruruwan shekaru. Kafin mulkin ya yi ƙarfi, sarakunan ƙasar suna da makaɗan fada masu kaɗa wani abu mai tsirkiya da yawa da ake kira haf. Duk wanda ke zaune a Kudu ya san siffarsa ko da bai san sunansa ba, domin shi ne tambarin da ke kan allunan tallan Guinness, kuma shi ne tambarin ƙasar a kuɗinsu da fasfonsu. Da sarautun suka rushe sai makaɗan suka rasa iyayen gida, suka koma yawo gida-gida. A 1792 wasu masu kishi a birnin Belfast suka tara ragowarsu, aka samu mutum 10 'yan ƙasa da wani guda daga Wales, yawancinsu makafi kuma tsofaffi. Babbansu, Denis Hempson, ya haura shekara 90. Aka ɗauko wani saurayi ɗan shekara 19, Edward Bunting, aka ce ya rubuta abin da suke kaɗawa kafin su tafi da shi kabari. Ya buga littafinsa na farko a 1796.

A nan aro ya fara. Wani marubucin waƙoƙi mai suna Thomas Moore ya ɗebi karin kiɗan da Bunting ya tara, ya ɗora musu baitocin Turanci, aka gyara su yadda za su dace da fiyano a falon masu kuɗi na Landan. Daga 1808 ya fara fitar da su, suka karɓu ƙwarai, har mai buga masa yana biyansa fam 500 a shekara. Bunting ya ji haushi, yana ganin an lalata kiɗan kuma an ci moriyar wahalarsa. Shi kansa kuwa sai da ya sauya abin da ya ji domin ya shiga tsarin rubutun kiɗan Turai. Su tsofaffin makafin da aka ɗauko abin a hannunsu, yawancinsu a talauci suka ƙare. Ka riƙe wannan tsari mai karatu, domin za ka sake ganinsa: talaka ya adana, mai ilimi ya rubuta, mai wayo ya kai kasuwa.

Sai babbar yunwa ta zo. Daga 1845 wata cuta ta riƙa ruɓar da dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakan ƙasar. Cikin shekaru kamar bakwai, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan suka hau jiragen ruwa, a ƙasar da mutanenta suka ɗan haura miliyan 8. Ƙauyukan da suka fi mutuwa su ne na yamma, inda ake magana da harshen ƙasar, kuma inda waƙa ta fi yawa. Hijirar ba ta tsaya ba bayan yunwar, ta zama al'ada: yaro ya tasa, ya kama hanyar Amurka ko Ingila. Da yawa sun tafi da goge ko sarewa a cikin kayansu.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Francis O'Neill, wanda aka haifa a yankin Cork a 1848. Ya bar gida yana matashi, ya yi aikin jirgin ruwa, ya ƙare a Shikago inda ya shiga aikin ɗan sanda a 1873, har ya zama shugaban 'yan sandan birnin daga 1901 zuwa 1905. Mutumin yana busa sarewa, kuma in ya ji labarin wani makaɗi ɗan ƙasarsu ya sauka a gari, yakan nemo shi, wani lokaci har ya sama masa aiki, domin dai ya zauna kusa a ji abin da ya zo da shi. Shi bai ƙware a rubuta kiɗa ba, sai wani sajansa mai suna James O'Neill ke rubutawa. A 1903 suka fitar da littafi mai ɗauke da kari 1,850. Littafin da makaɗan Ailan suka daɗe suna ɗauka a matsayin madogara, a ƙasar baƙunta aka haɗa shi, nisan dubban mil daga gida.

Bayan littafi sai faifan garmaho. Michael Coleman, mai goge daga Sligo, ya sauka a Amurka a 1914, kuma daga 1921 ya fara ɗaukar faifai a New York. 'Yan ci-rani suka riƙa saye suna aikawa gida. A ƙauyuka aka riƙa taruwa ana saurare, samari suna kwaikwayonsa, har salon wasu yankuna ya dusashe domin kowa so yake ya kaɗa irin na Coleman. Wannan taimako ya zo a kan gaɓa, saboda a gida kiɗan yana shan wahala. A 1935 gwamnati, da goyon bayan malaman coci, ta yi dokar da ta ce ba a taron rawa sai da lasisi. Wannan ya kashe al'adar taruwa a gidajen ƙauye, wadda ita ce makarantar makaɗa. Zuwa shekarun 1950 mutanen birni suna ganin goge kayan ƙauyanci ne da talauci, kuma a wannan shekaru goman mutum wajen 400,000 suka sake barin ƙasar. A 1951 ne wasu suka kafa ƙungiyar Comhaltas a garin Mullingar domin raya kiɗan ta hanyar gasa, amma samarin birni ba su waiwaya ba tukuna.

Abin da ya juyo da su daga New York ya zo. Wasu 'yan uwa, Paddy da Tom Clancy daga Tipperary, sun tafi can neman aikin wasan kwaikwayo. Ƙaninsu Liam ya bi su, tare da abokinsa Tommy Makem, wanda mahaifiyarsa Sarah Makem rumbun tsofaffin waƙoƙi ce. A gida, mutum ɗaya ke rera irin waɗannan waƙoƙi, a zaune, a hankali, babu kiɗa, sau da yawa ido a rufe. Su kuwa sai suka miƙe tsaye, suka sa jita da banjo, suka ƙara sauri, suka riƙa amshi tare da ƙarfi. Mahaifiyar su Clancy ta aiko musu da fararen rigunan sanyi na saƙar hannu saboda hunturun Amurka, manajansu ya ce wannan ita ce shigarku daga yau. A watan Maris na 1961 suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, wanda miliyoyin Amurkawa ke kallo, kamfanin Columbia ya ɗauke su. Da rediyon Ailan ya fara saka faya-fayansu sai samarin gida suka ga abin da suke rainawa ya burge Amurka. Nan da nan kowane gari ya samu gungun samari masu jita. Masu riƙo da tsohon salo suka ce an mayar da waƙa ihu. Suna da hujja, amma kafin su Clancy ɗin, matasan ba sa ma saurare.

Shi banjo yana da nasa tarihin da ya shafe mu. Asalinsa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a tsibiran Karibiyan da Amurka, da ƙwarya da fata da tsirkiya, bisa tsarin kayan kiɗan da suka baro, dangin su gurmi da garaya. Daga hannunsu ya shiga hannun Turawan Amurka, daga nan ya shiga kiɗan Ailan, har yau ana ƙirga shi cikin kayan gargajiyarsu. Masu aro a wannan labari ba ɓangare ɗaya ba ne.

A unguwar da su Clancy ke waƙa akwai wani saurayi mai yawan zama yana saurarensu, sunansa Bob Dylan. Ya ji Liam yana rera wata waƙar gwagwarmaya mai suna "The Patriot Game", wadda Dominic Behan ya rubuta. Sai ya ɗauki karinta ya ɗora tasa, "With God on Our Side", wadda ta fito a faifansa na 1964. Behan ya fusata, ya yi ta zarginsa da sata a bainar jama'a. Sai dai shi ma Behan ba shi ya ƙagi karin ba, a wata tsohuwar waƙar gargajiya ya same shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yanzu mu koma ga masu gemun nan na kaset ɗina. A 1962 suka haɗu a mashayar O'Donoghue da ke Dublin: Ronnie Drew, mai muryar tsakuwa, da Luke Kelly wanda ya yi leburanci a Ingila, da Barney McKenna mai banjo, da Ciarán Bourke. A 1967 waƙarsu "Seven Drunken Nights" ta kai mataki na 7 a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Birtaniya, duk da cewa gidan rediyon gwamnatin Ailan ya hana saka ta saboda batsa. A bakin Joe Heaney suka same ta, kuma ba su ɓoye hakan ba. Heaney mutumin Carna ne a gaɓar yamma, an haife shi a 1919, kuma masana na ƙirga shi cikin manyan masu tsohon salon rerawa da harshen ƙasar. Ya yi leburanci a Ingila, daga baya ya koma New York ya zama mai gadin ƙofa a wani dogon gidan masu kuɗi. Yana buɗe wa mutane ƙofa a daidai shekarun da samarin da suka koya a wajensa ke cika manyan zaurukan Turai. Sai a ƙarshen rayuwarsa wata jami'a a Seattle ta ɗauke shi yana koyarwa, gwamnatin Amurka ta karrama shi a 1982, ya rasu a 1984.

Me ya sa haka ke faruwa? Doka ce. Waƙar da ba a san wanda ya ƙage ta ba, ba ta da mai ita a gaban shari'a. Wanda ya gyara ta ya ɗauka a faifai, sunansa ake rubutawa a matsayin mai tsarawa, kuma shi ke karɓar kuɗi duk lokacin da aka sayar ko aka saka a rediyo. Wanda ya riƙe ta a kansa shekara hamsin, ya gada daga kakarsa, ba shi da ko sisi a wannan lissafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba kowa ne ya bi hanyar jita da amshi ba. Seán Ó Riada, masanin kiɗan Turai ne, ya tara masu goge da sarewa da algaitar ƙasar, wadda ake hura ta da zugazugi irin na maƙera da ake matsawa da gwiwar hannu, ya sa musu kwat ya kai su babban dandali. Shi ne ya fito da bandirinsu na fatar akuya daga ƙauye ya ba shi matsayi. Ya rasu a 1971 yana da shekara 40. Daga cikin mutanensa ne Paddy Moloney ya kafa The Chieftains a 1962, waɗanda suka zaga duniya, suka yi wasa a kan babbar ganuwar Sin a 1983, suka ci kyautar Grammy sau 6. Wasu kuma suka ja abin zuwa kiɗan zamani mai lantarki. A 1972 Thin Lizzy, ƙarƙashin Phil Lynott, ɗan Dublin wanda mahaifinsa baƙar fata ne daga Guyana, suka ɗauki tsohuwar waƙar ɗan fashi "Whiskey in the Jar" suka sa mata jitar lantarki. Ta kai mataki na 6 a Birtaniya a 1973, kuma a 1998 Metallica ta Amurka ta sake aronta daga gare su.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na John Reilly. A Ailan akwai wata al'umma da ake kira Matafiya, masu yawo da keken doki suna gyaran kwanuka da cinikin dawaki, kuma mutanen gari sun daɗe suna ƙyamarsu. Sai a 2017 gwamnati ta amince da su a matsayin al'umma mai asalinta. Reilly ɗansu ne, an haife shi a 1926, bai iya karatu ba, yana zaune a wajen garin Boyle. A 1967 wani matashi mai tara waƙoƙi, Tom Munnelly, ya ɗauki muryarsa. A cikin abin da ya rera akwai "The Well Below the Valley", tsohuwar waƙar da masana suka ɗauka ta ɓace daga bakin mutane tun fiye da shekara ɗari. Ashe tana nan a kan wani talaka da ba a so ya zauna kusa da mutane. A 1969 sanyin haƙarƙari ya kashe shi cikin tsananin talauci, bai kai shekara 45 ba.

Shekara uku bayan haka aka kafa Planxty: Christy Moore, Dónal Lunny, Andy Irvine da mai algaita Liam O'Flynn. Sun shigo da buzuki, wani abin kiɗa na Girka da Johnny Moynihan ya fara kawowa, har da zubin kiɗan ƙasashen Balkan da Irvine ya koyo a yawonsa. Faifansu na farko a 1973 ya buɗe da waƙar Reilly, "The Raggle Taggle Gypsy", na biyu kuma sunan waccan tsohuwar waƙar tasa aka sa masa. Reilly bai ga ko kwabo ba, domin ya riga ya rasu. Amma Christy Moore ya yi abin da da yawa ba su yi ba: ya yi ta ambaton sunan Reilly a gaban jama'a shekara da shekaru, yana faɗin inda ya gan shi da yadda ya rayu. Da wannan ne ni, da nake zaune a Ikko, na san akwai wani mutum mai suna John Reilly.

Zagaye na gaba 'ya'yan baƙi ne suka yi shi. An haifi Shane MacGowan a Ingila a 1957, iyayensa 'yan Ailan. A 1982 ya kafa The Pogues a Landan, a lokacin da bama-baman IRA suka sa ake kallon duk ɗan Ailan da zargi, yara da yawa suna ɓoye asalinsu. Su kuwa suka ɗauki waƙoƙin su Clancy da The Dubliners suka haɗa da haukan kiɗan matasan Landan, suka yi ta da ƙarfi. A gida aka ce waɗannan ba 'yan ƙasa ba ne, kuma suna zubar da mutuncin kiɗan. Cikin masu sukarsu har da Tommy Makem, wanda shekara ashirin da 'yan kai kafin nan shi ake yi wa irin wannan suka. Amma a 1987 The Dubliners suka yi waƙa tare da su, ta shiga goman farko a Birtaniya. Da MacGowan ya rasu a Nuwamba 2023, an zaga da gawarsa titunan Dublin jama'a suna rera waƙoƙinsa, shugaban ƙasa na lokacin, Michael D. Higgins, ya halarci jana'izarsa a Tipperary. Ko rawar Riverdance da ta girgiza duniya daga 1994, manyan 'yan rawarta biyu, Michael Flatley da Jean Butler, a Amurka aka haife su.

To 'yan uwa, ga abin da na fahimta. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma duk wanda ya saurari Joe Heaney shi kaɗai babu kiɗa zai yarda. Amma da an bar ta a bakin mai ita kawai, da da yawa sun bi su Hempson da Reilly kabari. Kowane zagaye na aro ya ɓata wani abu, ya ƙara sauri, ya rage baitoci, ya share salon wani ƙauye, kuma kowane zagaye ya jawo wasu yara da suka bi sawu har suka isa ga tsofaffin. A 1968 masu algaitar ƙasar sun ragu har sai da suka kafa ƙungiya don kada ta mutu, a 2017 kuwa hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya. Saboda haka ni ba na tambayar ko ya halatta a ara. Abin da nake dubawa a wajen mai aro shi ne ko ya faɗi sunan wanda ya ba shi, kuma in mai bayarwar yana raye, ko wani abu ya isa hannunsa.

Wani abin kuma, mu da muke zaune nesa da gida muna yawan jin ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A wannan tarihi dai, ɗan sandan Shikago ne ya rubuta, mai gogen New York ne ya ɗauka a faifai, yaron da aka haifa a Ingila ne ya mayar wa tsararsa da ita. In akwai wata tsohuwa a gidanku, a Sabo ko Agege ko Fatakwal, mai waƙar daɓe ko ta niƙa ko ta reno da ta taho da ita daga Arewa, ka ɗauki muryarta tun tana nan. Ka rubuta sunanta da garinsu da wanda ta koya a wajensa, ka ajiye tare da muryar.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.